Wanda Kifi Ke Yi Wa Jinjina

Duk faɗin Maryland, a haɗa da Virginia da ɗan abin da ya rage na Washington, ni kaɗai ne mutumin da kifi ya taɓa yi wa jinjina. Ba sau ɗaya ba kuma, kullum safiya ne, har wata bakwai. Na faɗi wannan magana a gidan suna, na faɗe ta a ƙofar masallaci, na faɗe ta a shagon da muke sayen daddawa da kuka a Wheaton, har mai shagon ya daina tambayata abin da zan saya, sai dai ya ce, "Yau ma ya gaishe ka?" In ce masa, "Da hannu biyu."

Bari in fara daga inda ya kamata. Shekara shida na yi ina tuƙa tasi a Washington, har ranar da bayana ya ce shi kam ya yi ritaya, in ina so in ci gaba sai dai in nemi wani bayan. A haka Allah ya haɗa ni da aiki a wani ɗakin bincike da ke wajen College Park, ƙarƙashin wata Farfesa Baturiya mai furfura, wadda ta ƙarar da rayuwarta tana kallon wata halittar teku. Aikina shi ne in wanke tankuna, in auna gishirin ruwa da sanyinsa, in ba halittun abinci, in rubuta wanda ya ci da wanda ya yi yaji. Idan na sayi katin waya na kira gida kuwa, sunan aikin yakan koma "binciken halittun teku." Duka biyun gaskiya ne, sai dai ɗaya ya fi ɗaya sa hula.

Turawa na ce wa halittar katilfish. Sunan ne kawai ya cusa shi cikin kifaye, don Farfesa ta ce shi da dodon koɗi sun fi kusa da juna. Ni dai na raɗa masa hawainiyar ruwa, ko da yake hawainiya in ta ga aikinsa sai ta nemi ya ɗauke ta koyon sana'a. Girmansa kamar silifas ɗin ƙato. Hannuwa takwas ne a fuskarsa, sun sauko kamar gemu, ga wani siririn leɓatu da ya zagaye jikinsa yana kaɗawa ba hutu, kamar bakin zanen da aka shanya. Idonsa kuwa irin na wanda bai gama tashi daga barci ba amma ya riga ya raina ka. Zuciyarsa uku, kuma a iya zamana da su ban ga wadda aka ware wa tausayi ba.

In yana cikin natsuwa, tsayawa yake cak a tsakiyar ruwa kamar jirgi mai saukar ungulu, ya ɗan matsa gaba, ya ɗan karkata, ba gaggawa. In ya firgita kuwa, da baya yake gudu. Na ga direbobi iri-iri a titunan Washington, ban taɓa ganin mai ribas irin nasa ba, kuma ba ya duba madubi. Nan matsalar take, domin a teku babu bango, a tanki akwai. In ya buga bayansa da bango yakan ji ciwo, ciwon ya ƙi warkewa, wani lokacin ya zama ajalinsa. Shi ya sa dokar farko a ɗakin nan ita ce tafiya a hankali, kamar ka shigo gidan da jariri ya samu barci da ƙyar. Ba a gudu, ba a kaɗa hannu, ba a kunna fitila farat ɗaya.

Maganar launi kuma, wannan sai wanda ya gani. A sa shi kan yashi ya zama yashi. A sa shi kan tsakuwa ya zama tsakuwa, har da ƙuraje-ƙurajen. Wata rana na ɗauko ƙyallen atamfar uwargida na manna a jikin tanki don in ga iyakarsa. Ya dube shi, ya gwada, ya sake gwadawa, sai ya yi baƙi ƙirin ya juya min baya. Ban ga laifinsa ba, ni ma ban taɓa fahimtar atamfar nan ba. Abin dariyar shi ne Farfesa ta ce duk wannan kwalliyar da yake yi, shi kansa ba ya bambance ja da kore. Na ce ashe irin telanmu na Wheaton ne.

To, a tanki na bakwai akwai wani namiji, babba, mai zane-zane a baya kamar saƙi. Wata safiya na shigo kamar kullum, da takalman roba har gwiwa, da gaban riga na leda, jan bokitina na roba a hannu cike da jatan lande masu rai, sai na ga ya taso daga yashi ya matso gaban gilashi. Ya daidaita. Sannan ya ɗaga hannuwa biyu sama da kansa, ya lanƙwashe ƙarshensu kamar dunƙule, yana ɗan girgiza su.

Ni Bakatsine ne. Na san jinjina in na gan ta. Sai da na waiwaya in ga ko wani babban mutum ne ya shigo a bayana. Babu kowa, daga ni sai injin iska yana gurnani. Na ce, "A'a, sannu. An gaishe ka." Na jefa masa jatan lande. Wasu dogayen hannuwa biyu da yake ɓoyewa, irin na ɗan sane, suka fito suka koma kafin in ƙifta, jatan lande ya zama tarihi.

Washegari ya sake. Jibi ma haka. Na sa ido, na ga in Farfesa ta tsaya gabansa ko motsi ba ya yi, ita da ke da digiri uku. In ɗalibanta suka zo da takardunsu, sai ya shige yashi ya watsa wani a bayansa, ya bar musu ido biyu. Ni kaɗai yake ɗaga wa hannu. Da na gaya wa Farfesa, ta yi dariya har da cire tabarau, ta kama yi min bayani mai tsawo da Turancin littafi. Na ɗauki rabin da ya yi min, na bar mata rabin a wurin. Me Baturiya ta sani game da jinjina?

Daga nan ne na naɗa kaina Sarkin Ruwan Maryland. Abokina Likita, wani Bakano mai aiki a asibiti, wanda bai taɓa yarda da maganata ba ko da na ce masa yau Juma'a ce, ya ce sai ya ga hoto. Na ce ba a ɗaukar hoto da walƙiya a ɗakin. Ya ce, "Da ma na sani, kifin naka mai kunya ne." Ban damu ba. Kuskuren da na yi guda ɗaya ne: na faɗi sarautar a waya, ga ƙanin uwargida, a ranar da katin ya ƙi ƙarewa da wuri.

Uwargida Bakaba ce. Mahaifinta masunci ne a wani gari na bakin gulbi kusa da Argungu, ya fi shekara sittin yana shiga ruwa. Ni kuwa babban ruwan da na sani ina yaro shi ne kududdufin bayan gidanmu, shi ma daga baki nake gaishe shi. Ranar da na je neman aure tsohon ya yi min tambaya ɗaya: "Mi ne sana'arka?" Na yi bayani na rabin awa, na taɓo karatu, na taɓo kasuwanci, na taɓo abin da nake shirin zama. Da na gama ya ce, "To, magana ke nan." Ya ba ni 'yarsa, don ita ta ce ta ji ta gani, amma daga ranar ya ajiye ni a wani wuri da na kasa fitowa.

Ga inda abin yake min ciwo. Tsakanin Kabawa da Katsinawa akwai wasa. Duk Bakaben da ya haɗu da ni yana da lasin ya yi min tsiya, ni ma in rama. Tsohon nan kuwa gwanin tsiya ne, yana yi wa 'ya'yansa, yana yi wa limamin garinsu, har sauran surukansa bai bari ba. Ni kaɗai yake gaisarwa da ladabi cikakke. "Malam, an zo lafiya? Malam, ya aiki?" Irin gaisuwar da ake yi wa mai karɓar haraji. Na taɓa yi wa uwargida alfahari da haka, na ce Baba na girmama ni. Ta ce, "Baba ba ya tsokanar wanda bai ɗauka a bakin komai ba." Shekara goma sha huɗu maganar nan na zaune a ƙirjina. Abin da nake so bai taka kara ya karya ba: tsohon nan ya buɗe baki sau ɗaya ya ce mijin 'yarsa yana da sana'a.

Sai ga shi yanar ido ta rufe wa tsohon gani, muka kawo shi Amurka a yi masa aiki. Ni na kai shi asibiti da kaina, ni na zauna jira, ni na riƙa ɗiga masa magani sau huɗu a rana. Wato da hannuna na gyara idon da zai tona min asiri. Ranar da likitan ido ya ce ya warke, muna cikin mota, ya gama karanta duk allunan titi da bai san ma'anarsu ba, sai ya ce, "Malam, an ce akwai kifin da ka gaishe ka. A kai ni in gani."

Na nemi izinin Farfesa, ta ce babu laifi ranar Lahadi da safe, tunda ni ke ba su abinci ranar, amma a bi a hankali, musamman na bakwai, don wata ɗalibarta ta dogara da shi wajen kammala karatunta. Ranar kuwa ta zo daidai da wani suna a Manassas, inda duk Hausawan yankin za su hallara. Na ce shi ke nan, Baba zai gani da safe, ya ba da shaida da rana, a gaban Likita.

Ranar Asabar da la'asar na bi ta wurin aiki na kwashe takalman roba, da gaban rigar leda, da jan bokitin, na kulle su a sito. Sarki ba ya yawo da bokiti. Da safe na ciro babbar rigata ta farar shadda, wadda ta sha sitaci har tana iya zuwa sunan ba tare da ni ba. Uwargida ta dube ni daga hula zuwa takalmi.

"Wurin aiki za ka a haka?"

"Daga can za mu wuce suna."

"Ka riƙe ta a hannu mana, ka sa kayan aikinka. Baba ya san yadda mai aikin ruwa yake."

"Hajiya, ba aiki zan je yi ba, fada zan je."

Ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki," ta koma kan masarta. Ita za ta bi matar Likita, mu haɗu a can.

Muka shiga ɗakin tankuna. Baba na tafe a hankali, hannuwa a baya, ban ma gaya masa doka ba, ƙafarsa ta riga ta san ta. Na tsaya gaban tanki na uku, inda nake kama baƙi, don mutum sai ya yi minti goma yana rantsuwa babu komai ciki sai yashi. Na ce, "Baba, ko za ku iya gano..."

"Ga shi can. Ya yi kwanciyar yashi, ido nai ya tona shi."

Na haɗiye sauran jawabin.

"Ana cin su?"

"Ana ci, Baba, amma ban da waɗannan. Waɗannan ma'aikata ne."

Ya ce, "Hmm." Ya daɗe yana kallon wani da ke tsaye tsakiyar ruwa, duhu-duhu na ratsa bayansa kamar inuwar gajimare a kan gona. Na ga leɓensa na motsi. Ina jin tasbihi yake, ko kuma lissafin irin komar da za ta kama shi.

Muka iso na bakwai. Na ɗage murfin tankin don Baba ya gani sosai, na tsaya daidai inda nake tsayawa kullum, na gyara hula. Mutumin nawa yana kwance a yashi. Ya buɗe idon nan nasa na raini, ya dube ni, bai motsa ba.

Na yi gyaran murya. Shiru.

Na ce, "Barka da asuba." Ko gezau.

"Wataƙila bai yi sallah ba tukuna," in ji Baba, da muryar ladabin nan tasa, har ban san ko da gaske yake ba.

Zufa ta fara bin bayana a ɗakin da ake sa rigar sanyi. Na ce a raina, yaron nan ya manta ne, bari in tuna masa. Sai na yi abin da kowane mai babbar riga ke yi ba tare da tunani ba: na tattaro hannun rigar, na watsa shi kan kafaɗa da ƙarfi, na ɗaga dunƙule sama.

Yadi biyar na farar shadda mai sitaci ya buɗe a kan tanki, da ƙara kamar an yage buhu. Ban san abin da ya gani ba. Ina jin ya ɗauka kakan duk tsuntsayen duniya ne ya sauko cin sa. Nan take ya yi fari fat, ya baje kamar faifai, wasu baƙaƙen ɗigo biyu suka fito a bayansa kamar idanun dodo. Sai ya harba da baya. Na ji ƙum a jikin bango. Kafin in sauke hannu ruwan ya zama tawada, irin baƙar da suke fesawa in sun firgita, ragowar kuma ya feso min ita ta saman tanki, daga wuyan riga har aljihu.

Abin da ya biyo baya ban tsara shi ba. Na manta da sarauta, na manta da suna, na manta ma wane ne tsaye kusa da ni. Tawadar nan in ta daɗe a tanki tana cutar da shi, ga kuma bugun da ya sha. Na tuɓe rigar na jefar a kan kujera, na rage daga ni sai singileti da wando. Na rage hasken ɗaki. Na buɗe sito na zura takalman roba, na ɗauko 'yar koma mai laushi na fara kwashe tawadar, don dunƙule take kamar majina, in ka bi ta a hankali tana kamuwa. Na jawo tiyo na fara zuƙe ruwan daga kusurwar da ta fi nisa da shi. Hannu biyu suka yi min kaɗan.

"Baba, riƙe nan. Kada bakin ya taɓa yashi."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na yi. Na ba surukina umarni, ba ko "don Allah." A garinsu an yi shari'a kan abin da bai kai wannan ba. Shi kuwa ya naɗe hannun rigarsa ya karɓi tiyon, ya riƙe shi daidai yadda ake so, kamar tare muka fara aikin.

Na buɗe ruwan ajiya, na auna gishirinsa, na auna sanyinsa, na sake shi yana shiga a hankali ta gefe. Baba ya tsoma yatsa ya ɗanɗana.

"Kai ka haɗa wanga ruwa?"

"Ni ne, Baba. Gishirin a buhu yake zuwa. In ya ɗara ko ya gaza, a jikinsu ake gani kafin awo ya nuna."

Ya sake ɗanɗanawa. Da ruwan ya fara washewa na durƙusa na leƙa bayan mutumin nawa, inda ya bugu. Fatar ta ɗan kwailaye, amma ba ta fashe ba. Na ce alhamdu lillahi a fili. Yana can kusurwa, fari kamar an wanke shi da bula, yana numfashi da sauri. Babu abin da ya rage sai jira.

Baba ya tsuguna a kan dugadugansa gaban gilashi, irin tsugunon bakin gulbi, ni ma na tsuguna. Mun fi rabin awa a haka. A hankali launin ƙasa ya fara dawo masa, daga kai zuwa baya, leɓatun ya koma kaɗawarsa ta yau da kullum.

"Kullum kai ka yi musu wanga hidima?"

"Kullum, Baba."

"Nawa sunka mutu hannunka?"

"Da ma ba su da tsawon rai, shekara ɗaya da 'yan watanni ne. Amma waɗanda suka tafi kafin lokacinsu, biyu ne. Ɗaya a shekarata ta farko, ban san hannuna ba. Ɗayan har yau ban san dalili ba."

Ya gyaɗa kai. Wannan ita ce amsa mafi gajarta da na taɓa ba shi tun da muka san juna, kuma ita kaɗai ya gyaɗa wa kai.

Hanya ɗaya ce ake tabbatar da cewa firgici ya sake su: in sun karɓi abinci. Na je sito na ɗauko jan bokitin, na kamfato jatan lande daga tankinsu, na dawo a hankali. Ina isowa, wallahi, mutumin nan ya taso daga kusurwa. Ya matso gaban gilashi. Ya daidaita. Ya ɗaga hannuwa biyu sama, ya lanƙwashe su, yana girgizawa.

Na ji kamar in rungume tankin. Da raɗa, don doka, na ce, "Baba, ga ta nan. Kun gani? Rigar ce bai gane ni a ciki ba."

Baba ya dubi kifin, ya dube ni, ya dubi hannuna. Sabon idon nan ya yi wani ƙyalli da ban so ba.

"Aje bokitin bisa teburin can."

Na ajiye.

"Kai kuma koma bakin ƙofa."

Na koma. Na tsaya ina kallo, hawainiyar ruwan da na yi wa hidima tun yana ƙwai ya juya a hankali, kamar mota mai neman wurin fakin, ya ba ni baya, ya fuskanci teburi. Hannuwansa na sama. Ko sauke su bai yi ba don kara.

Baba ya tashi ya ɗauki bokitin. Ya yi dama, jinjina ta bi shi dama. Ya yi hagu, ta bi shi hagu. Mutumin da bai yi awa biyu da shigowa ɗakin ba, ga shi ana yi masa abin da na yi wata bakwai ina shela a jihohi biyu. Ya tsamo jatan lande ɗaya ya saki a ruwa. Hannuwan ɗan sane suka fito suka koma. A lokacin ne rabin bayanin Farfesa da na bari a wurin ya biyo ni ya same ni: haka suke tsayuwa in sun ga abin farauta suna auna shi.

Na ciyar da sauran, na rubuta abin da ya faru a littafin aiki ba tare da na sa wa labarin hula ba, na bar wa Farfesa saƙo a waya. Na mai da babbar rigata, na naɗe ta yadda tawadar za ta shige ciki, ta ƙi shigewa. Daga College Park zuwa Manassas tafiya ce mai ɗan tsawo, ranar kuwa sai da ta kai nisan Katsina zuwa Legas. Baba allunan titi kawai yake kallo. Ni kuma, mutumin da aka taɓa roƙo ya yi shiru a gidan makoki, na rasa abin faɗa.

A ƙofar gidan sunan muka ci karo da uwargida ɗauke da kular masa. Ta dubi gaban rigata.

"Fadawan ne suka yi maka haka?"

"Biro ne ya fashe."

"Biron ya kai girman tulu," ta ce, ta wuce.

Maza na ɗakin ƙasa, an shimfiɗa darduma, an jera tuwo da miyar taushe da naman rago. Aka ba Baba wuri a sama, aka yi ta zuwa ana durƙusawa ana gaishe shi, ana yi masa barka da ido. Na nemi kusurwa na zauna, na rufe ƙirji da faranti. Ina addu'a Allah ya sa an kira Likita asibiti. Ba a kira shi ba. Yana nan, ya ma ci ya ƙoshi, ya samu ƙarfin tsiya.

"Baba," in ji shi, da murya yadda kowa zai ji, "an ce yau kun kai ziyara fadar Sarkin Ruwa. Mu wata da watanni labari kawai muke sha. Ku ne masu ruwa, ku gaya mana gaskiya."

Kowa ya juya ya dubi tsohon. Baba bai yi sauri ba. Ya gama tauna naman da ke bakinsa, ya sa aka miƙo masa ruwa ya wanke hannu, ya goge da tawul yatsa bayan yatsa.

"Mijin ɗiyata ya san ruwa," ya ce. "Na ga hannu nai cikin aiki. Wanga sana'a ce, ba magana ba."

Na sauke farantin daga ƙirjina. Tawada ma ai ado ce in an san tarihinta. Na gyara zama, na taɓa hula, na fara laluben idon Likita don in ajiye masa kallon da na yi shekaru ina tanadi.

Likita ya ce, "To jinjinar fa, Baba? Da gaske kifi na yi?"

"Shina yi," in ji Baba. "Da sabon idona na gani. Lalle akwai Sarkin Ruwa a Amurka. Ja ne, na roba, da mariƙin waya." Ya nuno ni da haɓa. "Wanga Bakatsine direba nai ne."